Watandar Turancin Mahautan Sokodé

Ranar da labari ya iso mahautar zongon Sokodé cewa wata mata daga ƙasar waje za ta sauka garin Dapaong da firigo, wato firij, mai aiki da hasken rana, babu wanda ya ƙara saran ƙashi. Firigo ne ƙato, kuma guda ɗaya tak ƙungiyarsu ta kawo. Mahautan garin da suka gamsar da ita, su za su tafi da shi. Wanda bai taɓa zubar da cinyar sa da hannunsa ba saboda an ɗauke wuta, ba zai gane abin da labarin nan ya yi mana ba. Mu mun gane. Ko wata ba a yi ba da Sarkin Fawa Issifou ya tsaya a bayan mahauta ana binne naman da ya yi wari, dattijo da furfurarsa, hawaye na bin gemunsa.

Matsalar ɗaya ce. An ce matar Turanci take ji, mu kuwa daga Hausa sai Kotokoli sai Faransancin kasuwa. Ga kuma mahautan Mango, waɗanda ko a sallar idi ba sa son mu riga su sahu, sun ce su ma suna nan zuwa.

Muna cikin jajantawa sai Talle ya miƙe. Talle mai cicinga ne, wato tsire, a bakin tasha. Ya taɓa yin damina ɗaya a Tamale ta ƙasar Ghana, ya dawo da baƙin tabarau da wata irin tafiya, kuma tun daga lokacin ba a gama zance a gabansa bai ce "mu a Tamale" ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, Turanci ne ya hana ku sakat? Bon, ku saurara. Duk Turancin duniya kalma ɗaya ce, tek. Sauran duk kayan ciki ne. Ka ɗauki tek ka manna mata kujera, ta zama magana. Ka manna mata magani, ta zama wata maganar. Ka manna mata wanka, mota, hoto, duk tana karɓa. Yadda mu muke cin tuwo, mu ci kasuwa, mu ci zaɓe, mu ci amana, haka su ma suke da tasu. Wala, shi ke nan Turanci."

Sarki ya ce, "To kai ka je ka yi mata tek ɗin mana."

"Ni kaɗai? Ai abin da 'yan Mango za su yi ke nan, su ɗauko tafinta ɗaya kamar marayu. Mu gaba ɗayanmu za mu yi Turanci, ta ga gari guda na magana da yarenta. Kai ɗaya ba ya ɗaukar Turanci, yadda gida ɗaya ba ya cinye sa. Watanda za mu yi."

Nan ya kama mu. Mahauci ba ya musu da watanda. A kayar da sa, a fasa, a kasa shi kashi-kashi, kowa ya ɗauki nasa, wannan a cikinsa aka haife mu. Tunda ya ce Turanci ma ana fawarsa, sai muka ji abin ya zo gida.

Washegari ya shimfiɗa tabarma a rumfar mahauta, ya ɗauko dogon tsinken cicinga ya riƙe kamar sandar limami. Ashe duk iliminsa wani ɗan bidiyo ne a waya, wani Bature a gaban allo yana jera abokan tafiyar tek, kuma ko rabi bai kalla ba kuɗin wayar ya ƙare. Abin da ya tsinta shi ya kasa mana.

Kamal ya samu "tek e sit". Rachid ya samu "tek it bak". Tsoho Salahuddeen, wanda kunnensa ya fara nauyi, aka ba shi "tek medisin". Ɗan Azumi, ƙaton da ke kayar da sa shi kaɗai, ya samu "wi tek it". Ni Karim, da yake kullum rabona a watanda ƙashi ne, aka miƙo mini "tek e baf".

Sarki ya dubi kason kowa ya sha kunu. Ya ce, "Nawa fa? Kada ka ba ni irin guntayen nan. A watanda ba a ba Sarkin Fawa ƙafa."

"Tozo na ajiye maka, ranka ya daɗe. Tek it o lib it."

Sarki ya juya shi a baki, ya ji ya fi na kowa tsawo, ya gyara zama.

Rachid ya ce, "To me suke nufi?"

Talle ya zare tabarau. "Ma'ana tana wurina. Ku dai ku riƙe sauti. In matar ta yi magana, ni zan ji, in nuna wanda amsar ke bakinsa da tsinken nan, ya saki. In kowa ya san ma'ana, kowa zai zama malami, a rasa mai bin wani."

Sai bayan komai ya lalace 'yata Anisa, mai karatu a lise, wato sakandare, ta fassara mana, tana dariya har da riƙe ciki. Na Kamal, zauna. Na Rachid, mayar da abinki. Na tsoho, sha magani. Na Sarki, ki ɗauka ko ki bari. Na Ɗan Azumi, mun karɓa. Nawa kuwa, je ki yi wanka. Ku riƙe wannan, don mu a lokacin ba mu riƙe ba.

Aka shiga tilawa. Mahauta ta koma kamar makarantar allo ta mahaukata, kowa na sara yana rera kasonsa. Matan da ke zuwa cefane suka fara tsayawa daga nesa suna miƙo kwano. Wata tsohuwa ta ce ko aljanun mayanka ne suka tashi, ta je ta kirawo malami ya tofa mana addu'a. Hanifa matar Talle ta zo karɓar kuɗin cefane ta tarar da shi yana kaɗa tsinke.

Ta ce, "Maigida, a Tamalen nan da wa ka yi Turanci? Ba kai ka ce mini har ɗan sandan da ya kama ka da Hausa ya zage ka ba?"

"Ke ba ki san komai ba. Zagin da Hausa ya yi, amma kamun na Turanci ne."

"Allah ya kyauta. In kun dawo da firigon, ni ce farkon mai sa ruwa."

Ni na fara gwada nawa a kan mutum. Wata 'yar Ghana mai fataucin doya ta zo sayen hanta, na ce ga dama ta samu. Na gyara murya, na yi mata murmushi, na ce, "Tek e baf." Ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗauki hantar da na auna mata ta liƙa mini a fuska, ta tafi tana surfa bala'i. Na nufi Talle jini na ɗiga daga gemuna.

Ya tafa hannu. "Kun gani? Ta gane! In da ba Turanci ba ne, da tsayawa za ta yi tana kallonsa. Karim, naka ya nuna."

Ranar tafiya muka yi shatar wata tsohuwar bas, muka cusa kanmu da manyan riguna da guzurin kilishi. Talle ya zauna gaba, tsinkensa a tsaye tsakanin gwiwoyi. Tun a hawan Alédjo motar ta fara tari, muka sauka muka tura ta muna tilawa. Da muka kai Kara, shofer, wani Bakotokole mai gajen haƙuri, ya kashe inji ya ce ba ya ƙara motsi.

"Shef, motan ya gaji. Taya na baya ya kwanta. Mutum ɗaya ya sauka, ko duka ku sauka."

Talle ya waiwayo ya auna mu da ido kamar shanu a kara. Idonsa ya tsaya kan Ɗan Azumi, wanda shi kaɗai ya cinye kujera biyu.

"Ɗan Azumi, haƙuri za ka yi."

"Ni? Ni da na fi kowa haddacewa?"

"Kasonka ɗan mitsitsi ne, jikinka kuwa ga shi nan. Lissafin bai fita ba. Ka ba Kamal naka ya haɗa da nasa."

Ɗan Azumi ya sauka, motar ta ɗaga kamar ta yi ajiyar zuciya. Ya zagayo ta taga ya ce, "Kasona ne. A gaban jama'a aka ba ni. Ba mai taɓa shi, da shi zan koma Sokodé." Ya haɗe leɓe kamar za a ƙwace daga bakinsa, ya juya. Babu wanda ya iya tuna abin da yake faɗa, don kowa da nasa ya shagala. Talle ya laluba waya, ta daɗe da mutuwa. Ya ce ba komai, ƙashi ne aka rage.

Bayan Kanté rana ta yi zafi, tsoho Salahuddeen ya yi barci. Mota ta faɗa rami, ya farka a firgice yana shafa aljihu.

"Ya faɗi! Nawa ya faɗi!"

"Me ya faɗi, Baba?"

"Turancina! Yanzun nan yana bakina."

Wallahi har ƙarƙashin kujera Rachid ya leƙa. Talle ya ce tsoho ba zai shiga taro hannu rabbana ba, sai dai a yanko masa daga tozon Sarki. Sarki ya ce sai dai a yanki wuyansa. Aka yi ta ba shi baki, ana tuna masa firigo, har ya sassauta. Talle ya sa tsinke a iska ya datsa: Sarki ya riƙe "tek it", tsoho ya tafi da "o lib it". Sarki ya juya wa kowa ƙeya har Mango.

A kujerar baya kuma Rachid da Kamal suna ƙus-ƙus. Rachid ya ce nasa yana tsaya masa a maƙogwaro, na Kamal ya fi laushi. Kamal ya ce shi dama yana son mai kauri. Suka yi musaya, Rachid ya ƙara masa da tsagin kilishi. Ni na gani, amma na ce cinikin mutane ne, me ya kai ni.

Mun shiga Dapaong ana kiran azahar. An kafa rumfa a wani fili, kujeru jere, ga firigon can a tsakiya, fari fes, an ɗaura masa jan ƙyalle. Sarki ya tsaya cak. Ya ce a hankali, "Karim, ka ga ƙofarsa kuwa?" Ban taɓa ganin dattijon nan yana kallon wani abu haka ba, har tausayinsa ya kama ni.

'Yan Mango sun riga mu. Shugabansu Sharifuddeen ya taso baki har kunne.

"A'a, mutanen Sokodé! An ce kun koma Turawa. Ina tafintanku?"

Talle ya ɗaga tsinke. "Mu ba ma haya. Kowa a nan da Turancinsa ya zo. Ni kam tun da na dawo daga Tamale Faransanci ya fita bakina, ko wi, wato e, ba na iya cewa."

"Masha Allah. Mu dai da ɗan abin da ya sawwaƙa muka zo."

Kafin mu shiga rumfa, Talle ya ja mu bayan mota. Ya ce Turawan nan wayo gare su, za ta iya jefo mana wani yare don ta gwada mu, wanda ya amsa ya kashe mu duka. Sai mun rantse. Daga shiga har a tashi, ba mai buɗe baki sai tsinke ya nuna shi, kuma ba zai faɗi komai ba sai kasonsa. Muka yi cirko-cirko, don rantsuwa ba abin wasa ba ce. Sarki ya waiwaya ya ƙara kallon firigon, ya ɗaga yatsa ya riga kowa cewa wallahi. Muka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Da aka kira Sokodé muka jeru a gaban teburi. Matar ba ma Baturiya ba ce, baƙa ce doguwa mai fara'a, wai daga gabashin Afirka. Ta miƙe ta yi mana wata doguwar magana da Turanci, ta dafa ƙirji. Duk muka juya ga Talle. Na lura gumi ya fara tsattsafo masa a ƙarƙashin tabarau. Tsinke ya yi yawo, ya yi yawo, ya tsaya a kaina.

Na cika ƙirji na ce, "Tek e baf!"

Fara'ar ta ragu. Ta ɗan sunkuya ta shinshina hannun rigarta. Wani malamin makaranta a cikin 'yan kallo ya fashe da dariya har ya faɗo daga kujera. Tsinke ya yi tsalle ya faɗa kan tsoho.

"O lib it!" in ji tsoho, da ƙarfin mai nauyin kunne.

Matar ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ajiye Turanci gefe, ta saki Faransanci tas, irin wanda ko akuyar Sokodé za ta gane. Ashe ta daɗe a Lomé. Ta ce, "Bayin Allah, ba sai kun wahalar da kanku ba. Na ji labarin asarar da kuke yi, kuma garinku ya fi yawan yanka, ku nake so in ba. Ku ce mini kawai, kuna so ko ba kwa so?"

Jama'a, kowa a cikinmu ya ji. Kalma ɗaya ta rage tsakaninmu da firigo, wi ɗin nan, kalmar da jikana mai rarrafe ya iya, ga ta a kan harshen kowa, ga wallahi ta danne ta. Sarki ya shiga gyaɗa kai har hularsa ta faɗi. Ya kama rigar Talle yana ja.

Talle ya raɗa, "Tarko ne, kada wanda ya motsa." Shi bai rantse ba, amma ga Sharifuddeen a kujerar gaba ya harɗe hannu yana jiran ya ji wi daga bakinsa. Na ga idonsa na bin layinmu yana neman wani, ya kai ƙarshe ya dawo. A nan ne ya tuna kason da ya dace da wannan tambaya, da kuma inda ya sauke mai shi. Ya ce bari ya sa ta zauna ya samu lokacin tunani, ya nuna Kamal.

Kamal, da sabon kasonsa da ya saya a hanya, ya buɗe murya kamar mai kiran sallah: "Tek it bak!"

Matar ta ja baya. Ta ce da Faransanci, "In mayar da shi?"

Talle ya rikice, ya juya tsinke kan Sarki. Sarki ya miƙa hannu biyu wajenta, hannun roƙo, idonsa cike da ƙwalla, ya ce, "Tek it!"

Tsinken Talle ya shiga kai da kawowa tsakanin mutum biyun nan, su kuwa rantsuwa ta hana su yin shiru.

"Tek it bak!"

"Tek it!"

"Tek it bak!"

"O lib it!" in ji tsoho, da tsinken ya gifta ta gabansa.

Rachid ya ga ana cin kasuwa ba da shi, ya tura kansa gaban tsinke da gangan ya umarce ta ta zauna. Ta kuwa zauna, ta dafe kai. Filin nan ya kaure, mata na guɗa, masu sayar da ruwa sun ajiye tire suna riƙe ciki. Da ta ɗago, sai ta ce ba ta taɓa ganin mutanen da suka yi doguwar tafiya don su ƙi kyauta da baki ɗaya ba, amma ba a yi wa mutum alheri dole. Ta juya ga 'yan Mango ta yi musu tambayar nan dai.

Sharifuddeen ya miƙe, ya gyara hula, ya ce, "Wi, Madam. Mersi."

Aka kwance jan ƙyalle.

A nan Sarki ya karya rantsuwa. Ya fara da Hausa, ya bi da Kotokoli, ya rufe da Faransanci, kuma duk a kan Talle da tabaraunsa da Tamalensa. Ga kaffara ta hau kansa, ga babu firigo. Talle ya ja da baya yana cewa, "Ranka ya daɗe, tsarin ba shi da laifi, ma'aikata ne suka yi musaya." Sarki ya fizge tsinken ya karya a gwiwa.

Mun ɗauka wulaƙancin ya ƙare, ashe da saura. 'Yan Mango a kan babura suka zo, ba su da abin ɗaukar kaya, mu kuwa hanyarmu ta gida ta ƙofarsu ta bi. Sharifuddeen ya je ya shirya da shofer, wanda tayarsa ta warke nan take. Muka ce sai dai a mutu. Sarki ya ce, "Ku ɗora. Ko ba komai ya shiga motarmu."

Mu muka ɗaga shi da kafaɗunmu. Igiya ba ta isa ba, aka ce dole mutum ya hau rufi ya rungume shi, kuma ba a yi shawarar ko wane ne ba. Haka muka baro Dapaong, Talle a sama ya ƙanƙame firigon mutane, babbar riga na kaɗawa, yara na bin mu da ihu.

A mahautar Mango mu muka sauke, mu muka kai shi har inda suka nuna. Sarki ya sa hannun rigarsa ya goge ƙurar da ta hau ƙofar, a hankali, lungu-lungu. Ya ce wa Sharifuddeen kada su bar yara suna yawan buɗewa, kuma a sa masa katako a ƙasa saboda damina. Sharifuddeen, da ya shirya tsiya cike da baki, sai ya kasa, ya ce in sha Allah. Ni dai na juya baya, don ba na son a ga idona.

Muka shiga mota muka kama hanya. Sai da muka haye gadar Oti muka ji ana buga rufi, Talle na kiran a tsaya ya sauko, wai iska ta ishe shi. Shofer ya dubi Sarki.

Sarki bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Ja mu tafi. Mu da ba mu da firigo, ai a iska muke shanya abin da ya fara lalacewa."